Yadda za ka dawo da tafiyarka bayan an yi maka aikin canjin gwiwa

Aikin canjin gwiwa bai cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba a ɗakin tiyata. Likita zai aske bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda suka cinye, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa wata roba mai tauri a tsakaninsu yadda za su riƙa zamewa ba sa gogar juna, ya ɗinke, shike nan shi ya gama nasa. Sauran aikin naka ne, kuma ba a kwance ake yinsa ba. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa gani suke tunda an sa sabuwar gwiwa sai a kwanta a jira ta warke da kanta, 'yan uwa kuma don tausayi su ce kar Baba ya motsa, kar Mama ta wahala, a kawo mata komai har bakin gado, bayan wata biyu a zo ana mamaki gwiwa ta ƙage, ba ta miƙewa ba ta lanƙwasuwa. Irin wannan tausayin wallahi cutarwa ne.

Abu ɗaya kafin mu shiga: in abin da likitan da ya yi maka aikin ko mai fisiyo, wato ma'aikacin asibitin da ke koya maka motsa jiki, ya faɗa maka ya saɓa da abin da na rubuta nan, nasu za ka bi, su suka ga cikin gwiwarka.

Kwana uku na farko

Da zarar allurar da aka kashe maka jiki da ita don tiyata ta sake ka ka fara jin ƙafarka, fara da idon sawu. Ka ja yatsun ƙafa su kallo fuskarka, ka tura su gaba, ka sake jawowa, kamar sau 10 zuwa 20 duk awa ɗaya in dai idonka biyu. Ƙaramin abu ne har wasu na raina shi, amma tsokar sharaɓa ita ke tura jini ya koma sama, in ta kwanta shiru jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, kuma wannan yana cikin manyan haɗarin da ke biyo bayan aikin. Shi ya sa ma ake ba da maganin tsinka jini, ƙwaya ko allurar ciki, na aƙalla kusan mako biyu, wasu har fiye da wata. Kar ka daina shi don ka ji sauƙi, sai ranar da aka ce ka daina.

Na biyu tsuke cinya. Kana kwance ƙafa a miƙe, ka danna bayan gwiwar zuwa katifa kana tsuke tsokar gaban cinya har ka ga ƙoƙon gwiwa ya ɗan ja sama, ka ƙirga biyar zuwa goma, ka saki, sau goma. A ranar farko za ka ba cinyar umarni ta ƙi ji, ka sa hannu a kai ka ji ko motsi ba ta yi, kar hankalinka ya tashi. Ciwo da kumburi ne ke sa ƙwaƙwalwa ta rage saƙon da take aika wa tsokar, kuma a watan farko tsokar nan kan rasa fiye da rabin ƙarfinta. Ita ce ke riƙe gwiwa kar ta karye da kai in ka taka, don haka tun yau ake fara tashinta. Ka ci gaba da tsukewa ko da ba ka ga komai ba, za ta amsa.

Na uku tashi tsaye, kuma yawanci ranar aikin ko washegari ake tayar da mutum. Kar ka zabura daga kwance ka miƙe. Ka fara zama bakin gado ƙafafu a ƙasa minti ɗaya ko biyu har jiri ya wuce, da nas ko mai fisiyo a gefenka, sannan ka tura da hannu daga gadon ka kama abin dogarawa mai ƙafa huɗu da ake kira woka. Tsarin tafiyar: woka gaba, sai ƙafar da aka yi wa aiki, sai mai lafiya. Yawancin mutane ana barinsu su ɗora nauyi a kan ƙafar gwargwadon yadda za su iya jurewa, ƙarfen a zaune yake daram, ba zai fita don ka taka ba.

Maganin ciwo kuma don Allah a sha. Wasu na ganin jarumta ce su daure, alhali wanda ciwo ya kama ba zai iya motsa gwiwar ba. Ka daidaita shi yadda za ka sha kamar rabin awa kafin motsa jiki. Masu ƙarfi daga cikin magungunan suna kawo taurin bayan gida da yawan barci, ka yawaita shan ruwa, in abin ya matsa ka faɗa a ba ka abin da zai sassauta.

Komawa gida

Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku ake sallama. Kafin ka iso a naɗe duk wata shimfiɗar ƙasa da za ta iya harɗe ka, a kawar da wayoyin lantarki daga hanya, a bar haske a hanyar banɗaki da dare. A samo kujera mai ɗan tsayi mai hannu, ba kushin mai nutsewa ba, don tashi daga kujera ƙasa-ƙasa azaba ce a makonnin farko. Wurin zaman bayan gida ma a ɗaga shi, tsuguno babu shi yanzu. Ciwon a bar shi a bushe, ana cire ɗinki ko ƙananan ƙarafan da aka maƙale fatar da su wajen kwana 10 zuwa 14, kuma ba a jiƙa shi cikin ruwa sai ya rufe tsaf.

Miƙewa, nan ne maganar take

In da za a ce in zaɓi abu guda daga duk rubutun nan, wannan zan zaɓa. Kowa hankalinsa na kan lanƙwasa, kowa tambayarsa digiri nawa ka kai (da digiri ake auna yadda gwiwa ta lanƙwashe), amma miƙewa ce aka fi sakaci da ita kuma ita ta fi wuyar dawowa in ta kuɓuce. Gwiwar da ba ta miƙe sambal ba, ko da saura ɗan kaɗan ne, tana sa ƙafar ta zama kamar ta fi ɗaya gajarta, mutum ya riƙa ɗingishi, cinya ta riƙa aiki ko a tsaye kake ba hutu, ka gaji da wuri, daga baya ƙugu da baya su fara ciwo.

Babban abin da ke jawo wannan filo ne. Gwiwa mai ciwo ta fi jin daɗi in ta ɗan lanƙwashe, sai mai jinya da kyakkyawar niyya ya tura filo ƙarƙashinta, mara lafiya ya ce yawwa Allah ya yi maka albarka, a kwana haka a wuni haka, tabon da ke haɗuwa a ciki kuma ya kama ta a yadda ya same ta. Kar a sa filo ƙarƙashin gwiwa. In za a ɗaga ƙafa a jera filo tun daga sharaɓa zuwa dunduniya yadda gwiwar za ta kasance a miƙe.

Ga yadda ake yi. Ka naɗe tawul ya yi kauri, ka kwanta ko ka zauna a wuri mai tauri, ka ɗora dunduniya kawai a kan tawul ɗin, bayan gwiwar yana lilo babu abin da ya tokare shi, yatsu na kallon sama, kar ka bar ƙafar ta kwanta gefe. Sai ka saki jiki, nauyin ƙafar ne zai yi aikin. Minti na farko ba komai, a na biyu za ka fara jin wani ja a bayan gwiwa, a na uku jan ya koma wani irin nuƙu-nuƙu mai sa mutum ya riƙa duba agogo yana neman dalilin sauke ƙafa. Wannan jan shi ake nema. Ka fara da minti biyu ko uku, ka riƙa ƙarawa har ka kai biyar zuwa goma, sau uku ko huɗu a rana. Kana cikin haka ka riƙa tsuke cinya kana danna gwiwar ƙasa. In ka sauke ka ɗan lanƙwasa ta a hankali sau biyu-uku, za ta yi tsami na ɗan lokaci sannan ta saki.

Gwajin gida: ka zauna a wuri mai tauri ƙafa a miƙe, ka tsuke cinya, ka gwada zura tafin hannu ƙarƙashin gwiwar. In hannu ya shige ba wahala, da sauran aiki. Abin da ake so shi ne digiri 0, wato a miƙe tas, kuma ana so a same shi tun makonnin farko.

Lanƙwasa

Digiri 90 shi ne yadda gwiwa take in ka zauna kan kujera ƙwauri ya sauka tsaye. Tafiya a fili tana buƙatar wajen 65, hawa matakala wajen 85 zuwa 90, sauka ta fi hawa buƙata, tashi daga kujera ba tare da turawa da hannu ba wajen 100, juya feda na keke kuma wajen 105 zuwa 110. Yawancin masu fisiyo suna son a kai 90 wajen mako biyu, sannan 110 zuwa 120 tsakanin mako shida da wata uku. Wanda gwiwarsa ta daɗe a ƙage kafin aiki ba lallai ya kai inda wani ya kai ba, yadda ka shiga tiyata yana da tasiri sosai a kan inda za ka tsaya, don haka ka daina auna kanka da maƙwabcin gadonka.

Hanya ta farko a kwance: ka ja dunduniya a kan katifa zuwa wajen ɗuwawu, in ta ƙi ka zagaya tawul ko ɗamara a tafin ƙafa ka taimaka da hannu, ka tsaya inda ka ji ta ɗaure, ka ƙirga goma, ka mayar. In katifar na riƙe ƙafa ka sa leda ƙarƙashin dunduniya ta riƙa zamewa. Ta biyu a kujera, kuma ni na fi son wannan: ka zauna, ka ja ƙafar baya iya iyawarka, ka ɗora ƙafa mai lafiya a gabanta ka ɗan ƙara tura ta, ko kuma ka kafe tafin ƙafar a ƙasa ka matso da ɗuwawu gaba a kan kujerar. Ka manna ɗan tef a ƙasa daidai inda babban yatsa ya tsaya, kujera ɗaya wuri ɗaya kullum, bayan mako ka duba ko tef ɗin ya koma baya. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, tef ɗin ne zai nuna maka gaskiya.

Dalilin gaggawar shi ne jiki na saƙa tabo a cikin gwiwar, a makonni shida zuwa goma sha biyu na farko yana da laushi yana bin inda aka ja shi, bayan nan sai ya taurare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka kai wajen mako shida ko fiye gwiwa ba ta kai 90 ba, likita na iya sa ka barci ya lanƙwasa ta da hannu don ya tsinke tabon, kuma wannan ya fi amfani in an yi shi cikin wata uku na farko. Saboda haka in ka ga ta tsaya cak mako biyu ba ci gaba, ka je ka faɗa da wuri, kar ka zauna kana jiran ranar da aka rubuta maka.

Amma fa ba da ƙarfin tsiya ba. Kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana ya fi a yi sau ɗaya a murƙushe ta har da hawaye. Ma'aunin da za ka riƙe: ciwon da ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu bayan ka gama ba matsala, amma in ka tashi washegari gwiwa ta ƙara kumbura ta ƙi kaiwa inda ta kai jiya, ka wuce gona da iri, ka rage yawan, kar dai ka daina gaba ɗaya.

Kumburi

Kumburi shi ke hana lanƙwasa, shi ke kashe cinya, shi ke hana barci. Ka kwanta ka ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinka tsayi, gwiwa a miƙe kamar yadda na faɗa, sau da yawa a rana. Ɗora ƙafa a kan ɗan tebur kana zaune bai isa ba, ruwan ba zai gangara ba. Ka sa ƙanƙara minti 15 zuwa 20, a naɗe da ƙyalle, musamman bayan motsa jiki, kar ta taɓa fata kai tsaye domin fatar wurin ba ta ji sosai, za ta iya ƙonewa ba ka sani ba. Kar ka zauna ƙafa na lilo fiye da rabin awa zuwa minti arba'in ba ka tashi ka ɗan taka ba. Shatin jini baƙi-baƙi da ke gangarowa har idon sawu a makon farko da na biyu abu ne da aka saba gani.

Tafiya da matakala

Gajeriyar tafiya akai-akai, cikin ɗaki da farko, minti biyar duk awa ɗaya ko biyu. Ka kula da yadda kake takawa fiye da nisan da ka yi: dunduniya ta fara sauka gwiwa a miƙe, nauyi ya bi ta tafin ƙafa, ka tura da yatsu, ka bar gwiwar ta lanƙwashe lokacin da kake ɗauko ƙafar gaba. Mutanen da suka yi shekaru da ciwon gwiwa sun saba jan ƙafa a sandare suna zagayo da ita ta gefe, jiki ba ya mantawa da kansa, sai ka koya masa. Ka yi tafiya wajen madubi ko wani ya ɗauke ka a waya ka gani.

Daga woka ake komawa sanda, yawanci tsakanin mako biyu zuwa huɗu, kuma sandar a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, in gwiwar dama aka yi sanda a hagu, tana tafiya tare da ƙafar da aka yi wa aiki. Kar ka yi saurin yar da ita don a ce ka warke. Tafiya mai kyau da sanda ta fi ɗingishi babu sanda.

Matakala: wajen hawa mai lafiya ce gaba, wajen sauka wadda aka yi wa aiki ce gaba tare da sanda, ɗaya bayan ɗaya, hannu a kan abin riƙewa. Da ka samu ƙarfin ɗaga ƙafar a miƙe daga kan gado ba tare da gwiwar ta saki ba, ka ƙara wannan cikin na kullum, sau goma, a hankali wajen saukewa.

Abin da ba a jira da shi

Ciwo a sharaɓa tare da kumburi da zafi wanda ɗaga ƙafa bai rage shi ba, a kira likita ranar. Numfashi ya yanke ba dalili, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, wannan asibiti ne nan take, gudan jini ne ka iya tafiya huhu. Zazzaɓin da ya wuce 38 a ma'aunin zafin jiki, jan da ke yaɗuwa daga bakin ciwon, ruwa ko mugunya na fita, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ka faɗi ka kasa taka ƙafar, duk a koma wurin likitan da ya yi aikin. Kar ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka ka sha, yana ɓoye cutar ya hana gwaji gano ta, kuma cutar da ta kama ƙarfe ba ƙaramar magana ba ce. Mai ciwon suga ya riƙe sugansa sosai, mai shan taba ya ajiye, duka biyun suna jinkirta warkewar ciwo.

Daga mako shida zuwa wata uku

Yanzu hankali ya koma kan ƙarfi. Zauna-tashi daga kujera, da hannu da farko sannan babu hannu, kana raba nauyi daidai a ƙafa biyu, domin jiki zai so ya yi maka wayo ya jingina kan mai lafiya. Hawa ƙaramar matakala ɗaya da ƙafar aikin ka sauko a hankali. Ɗaga dunduniya kana riƙe da bayan kujera. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa. Keken motsa jiki na tsaye yana da kyau ƙwarai, ka ɗaga sirdin sama, in feda ta ƙi zagayowa ka riƙa kai ta gaba ka dawo da ita baya, yawanci ta baya take fara zagayowa kafin ta gaba.

Tuƙi yawanci wajen mako huɗu zuwa shida ne, da sharaɗin ka daina magani mai sa barci kuma za ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da tunani ba, wanda aka yi wa ƙafar dama ya fi jira. Aikin zama ana komawa wajen mako shida, aikin tsayuwa da ɗaukar kaya kuma sai wajen wata uku.

A nan ne mutane da yawa ke sakin motsa jiki saboda sun fara yawo, kuma kuskure ne, cinyar ba ta dawo ba tukuna. Sau uku a mako ka ci gaba da na ƙarfi har shekara ta zagayo.

Abubuwan da za su ba ka tsoro alhali ba komai

Fatar da ke gefen tabon ta waje za ta mutu ba ka jin taɓi, wata 'yar jijiyar fata ce ake bi ta kanta wajen yanka, wurin yana raguwa da lokaci, wasu kuma ɗan abin ya zauna. Ƙas-ƙas da kake ji in kana tafiya ƙarfe ne da roba ke haɗuwa, in babu ciwo ba matsala. Gwiwar za ta fi ɗaya ɗumi na watanni, kumburin yamma na iya kai wata uku zuwa shida, wani har shekara. Barci kan lalace a makonnin farko, ga gajiya da saurin ɓacin rai, masu jinya ku yi haƙuri da su, yana wucewa. In ka kwanta ta gefe ka sa filo tsakanin ƙafafu, wannan ya halatta.

Durƙuso ba a san shi da lalata ƙarfen ba, amma mutane da yawa ba sa jin daɗinsa. In tabo ya warke sarai kuma likita ya yarda, ka fara a kan abu mai laushi na 'yan daƙiƙu kana dafe da kujera, ka riƙa ƙarawa. Tafiya, keke da iyo su ne abokan sabuwar gwiwa, gudu da tsalle kuma suna saurin cinye robar, haka ƙiba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na cikakken canjin gwiwa suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar kuma yakan ci gaba da jin wani ciwo ko rashin gamsuwa bayan aikin, in kana cikinsu bayan wata uku kar ka yi shiru, ka koma a duba ka a ɗauki hoto, akwai dalilan da ake ganowa a gyara. Ko da lafiyarka ƙalau ka riƙa zuwa duk dubiyar da aka rubuta maka, kuma duk likitan da zai yi maka wani aiki nan gaba, har na haƙori, ka gaya masa akwai ƙarfe a gwiwarka.